Sati na uku da tsohuwar kwamfuta: ashe ciwon a hanyar faifai yake

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyo. Yau sati uku ke nan da na ɗauko kwamfutar teburin nan daga ɗakin shirgin kawuna, kuma alhamdu lillahi, jiya ta fara tafiya yadda nake so. 'Yar Beljiyam ce, Pentium 4, ram ɗinta, wato ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita, megabait 512, faifan ajiyarta gigabait 40 irin wanda ake haɗawa da faffaɗar wayar nan ta IDE, da Windows XP a kanta. Niyyata ƙannena su saba da kibod da linzami kafin su zauna jarrabawar JAMB, tunda a kwamfuta ake yin ta yanzu.

Satin farko na yi abin da kowa ke fara yi. Na buɗe msconfig, wurin saita yadda Windows ke tashi, na cire manhajojin da ke tashi tare da ita, na kashe kwalliyar tagogi da inuwar linzami, na mayar da fuskarta irin ta Windows 2000, na tsayar da hidimar da ke jera sunayen fayiloli a ɓoye. Ta ɗan yi sauƙi, amma ba wani abin a zo a gani ba. Abin ya tsaya mini a rai, domin XP ta fito ne a 2001, kuma megabait 128 Microsoft ta ce ya ishe ta. Mai ninki huɗu na wannan bai kamata ta riƙa jan ƙafa haka ba.

Sati na biyu na buɗe cikinta. Ƙurar hunturu ta dunƙule a tsakanin haƙoran ƙarfen da ke sanyaya furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, kamar auduga, man sanyayawan kuma ya bushe ya zama ƙasa. Pentium 4 idan ta yi zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Na share da burushin fenti, na sa sabon mai ɗan kaɗan kamar ƙwayar gero biyu, na canza batirin agogo, CR2032, saboda kullum kwanan wata ya koma baya. Kukan fanka ya ragu sosai.

Amma ga inda nake so ku tsaya tare da ni. Duk da haka, da zarar na fara kwafar fayil daga filasha, sai linzami ya riƙa tsalle, karatun da na kunna ya riƙa yankewa. Na buɗe Task Manager, mai nuna yawan aikin da kwamfuta ke yi, sai na ga furosesa ta kusa cika, alhali kwafa kawai ake yi. Kwafa ba aikinta ba ne. A ƙa'ida, faifai yana zuba bayanai kai tsaye cikin ram ta hanyar da ake kira DMA, ita furosesa umarni kawai take bayarwa ta koma harkarta. Akwai kuma tsohuwar hanya, PIO, wadda furosesa ce da kanta ke dakon kowane ɗan bayani. Tsarin XP shi ne, idan ta ƙirga kurakuran isar da bayanai ko jinkiri har sau 6 a kan wata na'ura, sai ta sauke ta zuwa mataki na ƙasa, a hankali har ta kai PIO, kuma ba ta komawa sama da kanta.

Na shiga Device Manager, wurin da Windows ke jera na'urorin kwamfuta, na buɗe IDE ATA/ATAPI controllers, na danna Primary IDE Channel, na duba Advanced Settings. Ga shi nan ɓaro-ɓaro, PIO Mode. Wallahi sai da na yi hamdala da ƙarfi, don sati biyu ina neman abin nan a wurin da ba ya nan. Na cire tashar, wato Primary IDE Channel ɗin, daga jerin gaba ɗaya, na sake kunna kwamfutar, Windows ta gano ta a matsayin sabuwa, ƙirgar kurakuran ta goge. Sai ta nuna Ultra DMA Mode 2.

Nan ma ban gamsu ba. Mataki na 2 megabait 33 ne a daƙiƙa, faifan kuwa yana iya mataki na 5, wato 100. Na zaro faffaɗar wayar na duba. Iri biyu ce, kuma dukansu ramuka 40 ne a bakinsu, shi ya sa ake ruɗewa: ɗaya zarenta 40 masu kauri, ɗaya 80 sirara. Sai da mai 80 ake wuce mataki na 2. Tawa mai 40 ce, ga kuma lanƙwasa a tsakiyarta, ina kyautata zaton ita ta haddasa kurakuran tun farko. Wani mai gyara a unguwarmu ya ba ni mai 80 daga tarkacensa, Allah ya saka masa da alheri. Shuɗin baki a jikin allon uwa, wato babban allon da komai ke haɗe da shi, baƙin a jikin faifai. Yanzu mataki na 5 take nunawa, karatu na tafiya sumul ana kwafa.

Wani ya ba ni shawarar in riƙa share babban fayil ɗin Prefetch. Kada ku yi. Da shi XP ke tuna abin da za ta fara lodawa, in ka share sai ta sake tara shi daga farko.

Intanet kuwa ba za ta gan shi ba. An daina yi wa XP facin tsaro na yau da kullum tun 8 ga Afrilu, 2014, kuma mun ga ɓarnar WannaCry, muguwar manhajar nan mai kulle fayilolin mutane, a 2017. Filasha ma sai na duba ta a wata kwamfutar kafin in soka.

Abin da ya rage shi ne ram. Akwai gurbi ɗaya babu kowa, ina neman ram samfurin DDR ta farko mai megabait 512 in cike gigabait ɗaya. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan zare wadda ke ciki in tafi da ita kasuwa, don a gwada tsagar da ke bakinta, kada a haɗa ni da DDR2.