Kafin ku murɗa biron allura, ku san abin da lambar take ƙirgawa

A yawancin gidajenmu, idan likita ya ɗora dattijo ko dattijuwa a kan allurar ciwon suga, ba su ne ke murɗa biron ba, wato na'urar allurar mai kama da biro. Wanda ya yi boko a cikin yara ake kira, a ce zo ka duba wa Hajiya lambar. Shi ya sa da ku nake, ƙannena maza da mata, tun da lafiyar iyaye ta dawo hannunku a wannan wurin, ga shi kuma wasunku sun fara saya wa kansu allurar rage ƙiba. Lambar da likita ya rubuta ba ta da ma'ana sai kun san abin da take ƙirgawa. Ashirin ɗin da ke daidaita sugan mutum, ita ce za ta iya sa a kwashe shi ranga-ranga zuwa asibiti idan aka auna ta da ma'aunin da ba nata ba.

Ma'auni uku ne ke rikita mutane. Mililita yawan ruwa take aunawa. Miligiram (mg) nauyin maganin da ke narke a cikin ruwan. Yunit kuwa da shi ake auna ƙarfin insulin, allurar ciwon sugan ke nan. Ludayin kunu mai kauri da ludayin tsinkakke girmansu ɗaya, amma ba gari ɗaya ke cikinsu ba, haka ruwan allura yake. Insulin da aka rubuta wa U-100 yana da yunit 100 a kowace mililita, don haka biro mai mililita 3 yana ɗauke da yunit 300. Akwai U-40 na kwalba da har yanzu ake cin karo da shi, akwai Tresiba mai U-200, akwai Toujeo mai U-300. Alherin biro shi ne ya gama yi muku lissafi: idan 'yar tagarsa ta nuna 20, yunit 20 zai fitar, komai kaurin ruwan da ke cikinsa. Sirinji bai san wannan ba. Layukan jikinsa an zana su ne don kauri ɗaya tak.

A nan na yi kuskuren da ya kusa raba mu da mahaifiyarmu. Tsinin da ake ɗaura wa bironta ya ƙare da daddare, na aika kemis aka ce babu, sai aka kawo sirinjin insulin mai jar hula. Na soka shi a robar bakin biron na zuƙo har layin 20, tun da yunit 20 likita ya rubuta. Ko kaɗan ban duba jikin ledar ba. Sirinjin na U-40 ne, insulin ɗin kuwa U-100. Layin 20 a wannan sirinji rabin mililita ne, rabin mililita na U-100 kuma yunit 50 ke nan. Da tsakar dare na tarar da Hajiya ta jiƙe sharkaf da gumi, hannunta na makyarkyata, tana kira na da sunan ƙanwarta. Muka jiƙa sukari muka ba ta, muka yi asibiti. Tambayar farko da nas ta yi mini ita ce, "Da wane sirinji kika yi mata?" Har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi.

Don Allah kada ku zuƙi magani daga biro da sirinji, ko da kuwa mai kemis ya ce ba komai. Da Toujeo ne aka zuƙa da sirinjin U-100 mai hula ruwan lemo, ninki uku mutum zai samu. Ku riƙa sayen tsini tun akwai saura a kwali. In kuma kwalba ake amfani da ita, lambar U ta jikin kwalba da ta jikin sirinji dole su zama ɗaya.

Ku kuma san alamun faɗuwar suga kamar yadda kuka san lambar wayarku: gumi, rawar jiki, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, magana ba kan gado. Idan na'urar awon suga ta nuna ƙasa da 70 mg/dL, suga ya faɗi. A ba mutum kamar giram 15 na sukari, wato cokalin cin abinci guda a ruwa, a sake aunawa bayan minti 15. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake yi da shi nan take. Ita ma na'urar awon tana da nata tarkon. Wadda 'yan'uwa suka aiko daga Ingila da ma'aunin mmol/L take aiki, a wurinta 70 ɗin nan 3.9 ce, domin da 18 ake rabawa. A Nijar kuma takardar gwaji kan zo da g/L, sai ku ga 0.70.

Akwai ƙananan abubuwa da ke rage adadin da ya shiga jiki ko da lambar daidai take. Kafin kowace allurar insulin a ɗaura sabon tsini, a murɗa yunit 2 (wasu birukan 3 suke so), a danna sama har ɗigo ya fito. Bayan an soka an danna, a bar tsinin a jiki a ƙirga zuwa goma kafin a zare. Insulin mai kama da madara a mirgina shi a tafin hannu har ya gauraye. Biron da aka fara amfani da shi yawanci kwana 28 ne wa'adinsa, kuma ba ya son zafin da ya wuce digiri 30. A bazararmu, ga rashin wuta, gara a sa shi a leda a ɗaure a ajiye a gindin randa mai sanyi da a bar shi a aljihun mota.

To, alluran rage ƙiba wani lissafi ne dabam, da miligiram suke tafiya. Ozempic na kamfanin Novo Nordisk an amince da shi a Amurka a 2017 don ciwon suga nau'i na biyu. Wegovy da ya biyo baya a 2021 sinadarinsu ɗaya, semaglutide, amma shi don ƙiba aka yi shi. Mounjaro na Eli Lilly ya fito a 2022 da sinadarin tirzepatide. Duka ukun sau ɗaya ake yin su a mako, saɓanin Victoza da Saxenda da ake yi kullum. Kuma miligiram ɗin wannan ba ya fassara na wancan: 2.5 mg matakin farawa ne a Mounjaro, alhali a Wegovy sai mutum ya yi mako 16 yana hawa, daga 0.25 zuwa 0.5, 1, 1.7, kafin a kai shi 2.4 mg.

Da suga ya kama ni ni ma, likita ya ɗora ni a kan Ozempic 0.25 mg na mako huɗu. Na raina lambar. Kwata ɗin miligiram me zai yi wa mace mai jiki kamar nawa? Na murɗa zuwa 0.5 tun kafin lokaci, kuma ban bari mako ya cika ba na ƙara. Amai ya kwantar da ni, ko ruwa ba ya zama a cikina, sai da aka yi mini ƙarin ruwa. Abin da ban sani ba shi ne maganin yana ɗaukar kusan mako guda kafin rabinsa ya bar jiki, don haka idan ya shiga babu yadda za a fitar da shi, sai haƙuri. Shi 0.25 ɗin ba a sa shi don ya rage ƙiba ko ya daidaita suga ba, an sa shi ne don ciki ya saba.

Abin da ya fi damuna yanzu shi ne ƙirga ƙas-ƙas ɗin biro da ake koya wa juna a WhatsApp da TikTok don magani ya yi auki. Na san tsada ce ta jawo, ban ga laifin mai neman sauƙi ba. Sai dai birukan Ozempic kansu ba kaurinsu ɗaya ba, akwai mai 0.68, akwai mai 1.34, akwai mai 2.68 mg a mililita. Ƙirgen da ya yi wa wata daidai a nata biron zai iya zame miki ninki biyu ko huɗu a naki. Na kwalba da ake zuƙa da sirinji ya fi haɗari. A 2024 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi cewa wasu sun yi wa kansu ninki 5 zuwa 20 na abin da aka nufa, saboda rikita yunit da miligiram da mililita. Duk wanda ya rubuta muku adadi, ku sa ya rubuta ma'aunin kusa da lambar, ya kuma nuna muku a jikin biron da za ku yi amfani da shi.

Ga kuma jabu. A 2023 an kwantar da mutane a asibiti a ƙasar Ostiriya bayan sugansu ya faɗi warwas, sun yi amfani da biron da aka liƙa wa sunan Ozempic alhali insulin ne a ciki. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi kan jabun da aka gano a Birazil da Ingila da Amurka. A nan sanin ma'auni zai iya cetonku. Tagar Ozempic na gaskiya miligiram take nunawa, irin su 0.25 da 0.5 ko 1, kuma biron ba ya ƙara tsawo idan ana murɗa shi. In kuka ga lambobi suna hawa ɗaya bayan ɗaya har zuwa 80, gindin biron kuma yana fitowa, to biron insulin ne a hannunku. Kada ya taɓa jikin kowa. Ku kai shi wurin likita ko ƙwararren mai harhaɗa magunguna tare da kwalinsa, a sanar da NAFDAC.