Tsohuwar Land Rover ɗina, a ƙarƙashi aikin yake

Duk wanda ya ga motar nan sai ya tambaye ni yaushe zan mata fenti, ni kuwa wallahi fenti ne ƙarshen abin da ke gabana. Series III ce, irin wadda aka ƙera daga 1971 zuwa 1985, doguwar mai inci 109 tsakanin tayoyin gaba da na baya, injin fetur lita 2.25, a wani kango na same ta tayoyi duk sun nutse a ƙasa amma bodi lafiya lau, to a nan mutane ke ruɗuwa.

Bodin Land Rover na alminiyam ne tun ta farko ta 1948, lokacin ƙarfe ya yi wuya a Ingila bayan yaƙin duniya na biyu, shi ya sa ba ya tsatsa. Amma chasis, wato ƙashin da bodin ke zaune a kai, ƙarfe ne, haka bangon da ya raba inji da direba, kuma chasis ɗin kamar akwati yake, laka da ruwa su shiga ciki su kwanta suna ci shekara da shekaru kai ba ka gani. Mun ɗaga bodin gaba ɗaya muka bi shi da guduma, inda ya yi ƙara mai kyau mu wuce, inda guduma ta burma mai walda ya yanke ya sa sabon faranti, wajen mariƙin sifirin na baya ma sai da muka sake ƙera shi. Duk inda alminiyam ya taɓa ƙarfe mun sa roba a tsakani don haɗuwarsu na cinye alminiyam ɗin ya zama farin gari.

Makanikena ya dage wai mu jefa mata injin Toyota mu huta, na ce a'a Oga, injin nan ba kwamfuta ba komai, kafireto ne da fulogi, ko a daji ta tsaya da sifana za ka tashe ta, ring ɗin fistin da gasket ɗin da ke hana yoyo kawai yake so.

Kayan gyara kam sai haƙuri, wasu na samu a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, wasu a Panteka ta Kaduna wajen masu yanka tsofaffin motoci, tunda an taɓa harhaɗa Land Rover a kamfanin Leyland na Ibadan ba a rasa gawarsu, na birki kuwa sababbi na yi oda daga Ingila don ba na wasa da birki.

Yanzu rewaya ke kanta. Liba mai jan kai na ƙaramar giya ya fara shiga, mai ruwan ɗorawa da ke sa tayoyi huɗu su ja ne ya rage, in Allah ya yarda kafin damina za mu gwada ta a yashi.