Kofin roba, filin kwantena da gangar mai: yadda ake lissafin hayaƙin manyan gasanni

Wanda ya sayi lemo a filayen gasar Olamfik ta birnin Paris a 2024 sai ya ƙara Yuro 2 a kan kuɗin lemon, jinginar kofin da aka zuba masa, in ya mayar da kofin a ba shi kuɗinsa. Manufar ita ce a wanke kofin a sake amfani da shi, a rage tulin roba. Sai dai a shaguna da dama mai sayarwa kan buɗe gorar roba a gaban mai saye, ya juye lemon cikin kofin, ya jefa gorar a kwando. Roba biyu ke nan a kan sha ɗaya. Abin sha sama da miliyan 6 aka sayar wa 'yan kallo ta wannan hanya, kuma a watan Nuwamba na shekarar ƙungiyar kare muhalli ta France Nature Environnement ta kai ƙarar kamfanin da ke haɗa Coca-Cola a Faransa bisa zargin yaudarar masu saye.

Tushen matsalar yana cikin yarjejeniyar ɗaukar nauyi. Kamfanin da ya zama babban mai ɗaukar nauyin gasa yana sayen haƙƙin keɓewa a fanninsa: babu wani lemo da zai shiga filin sai nasa, babu motar da za ta ɗauki jami'ai sai tasa, babu katin biyan kuɗi sai nasa. Coca-Cola na tare da Olamfik tun gasar 1928. Don haka duk alƙawarin da masu shirya gasa suka ɗauka game da roba, cikarsa ta rataya ne a kan na'urori da motocin rabon kaya na kamfani ɗaya. An girka famfunan zuba lemo wajen 700, amma irin wannan famfo yana buƙatar bututun ruwa mai tsabta, wutar sanyaya shi, tukunyar gas, da wurin ajiye ruwan zaƙin. Filin wucin gadi da aka kafa a kan dandali ba lallai ya samu duka huɗun ba. Kamfanin ya ce wannan ne uzurinsa, kuma za a sake sarrafa gorunan. Uzurin na da ƙamshin gaskiya, amma an san inda filayen za su kasance shekaru kafin gasar, lokacin da ja bututu bai fi ƙarfin kowa ba. Shi ma kofin sai an maimaita amfani da shi sau da yawa kafin ya biya robar da aka ƙera shi da ita, domin ya fi gora kauri. Da aka buga masa tambarin gasa kuwa, ɗan kallo zai gwammace ya bar Yuro 2 ya tafi gida da shi a matsayin tsaraba.

Duk da haka roba ba ita ce babbar kaya ba. Lissafin hayaƙin gasa ana yin sa ne da ninkawa: a ƙirga abin da aka ƙona ko aka gina, a ninka da hayaƙin da kowane ma'auni ke fitarwa. Litar dizal ɗaya tana sakin kusan kilo 2.7 na iskar kabon. Kilo ɗaya na man jirgin sama yana sakin kilo 3.16. Hayaƙin tan ɗaya na siminti ya haura rabin tan, ƙarfen da aka narka daga tama kuma yana kai wajen tan 2 a kowane tan. In aka tara, abu uku ne ke cinye lissafin kowace babbar gasa: jiragen 'yan kallo, gine-gine, da masauki.

A nan Paris ta yi abin a yaba. Kashi 95 cikin 100 na wuraren wasannin dama akwai su, ko kuma na wucin gadi ne da ake kwancewa. Kamfanin Enedis mai rarraba wutar lantarki a Faransa, wanda shi ma yana cikin masu ɗaukar nauyi, ya ja wa filayen layin wuta, aka bar janareta a matsayin ko-ta-kwana, alhali al'adar manyan gasanni ita ce a kunna janaretocin dizal dare da rana saboda tsoron ɗaukewar wuta ana tsaka da watsa wasa. Dabarar ita ce a ba fili layi biyu daga tashoshi daban, in ɗaya ya faɗi ɗayan ya riƙe. Wannan ya yiwu ne saboda ribar kamfanin da bukatar muhalli sun hau layi ɗaya: mai rarraba wuta yana so a ga wutarsa ba ta yankewa. A ƙarshe masu shirya gasar sun bayyana hayaƙi tan miliyan 1.59, ƙasa da rabin tan miliyan 3.5 da aka ɗauka a matsayin matsakaicin gasar Landan ta 2012 da ta Rio ta 2016. Fiye da rabin tan miliyan 1.59 ɗin tafiye-tafiyen 'yan kallo ne, wanda babu kofi ko famfon da zai taɓa shi. Sun kuma janye da'awar da suka fara yi cewa gasar za ta amfani yanayi fiye da yadda za ta cutar da shi. A ganina janyewar nan ta fi yawancin tallace-tallacen da aka yi daraja.

Gasar cin kofin duniya ta Katar a 2022 ita ce ke nuna yadda ake rage adadi ba tare da an rage hayaƙi ba. FIFA da masu masaukin baƙi sun ƙiyasta tan miliyan 3.6, suka ce za a biya diyyarsa duka, gasar ta tashi babu hayaƙi ko kaɗan. Ƙungiyar Carbon Market Watch, mai sa ido kan cinikin diyyar hayaƙi, ta bi lissafin layi-layi a watan Mayun 2022, ta gano inda aka yi dabara. An gina sabbin filaye na dindindin guda shida. Maimakon a ɗora wa gasar dukan hayaƙin gina su, sai aka ce kowane fili zai yi shekara 60 yana aiki, gasar da gasannin gwaji da suka gabace ta kuma kwana 70 kacal za su yi amfani da shi. Shekara 60 kwana 21,900 ne. Kwana 70 a cikinsu bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. Da wannan rabon, simintin da ƙarfen filaye shida suka koma tan 4,500 da 'yan kai a takarda, da aka haɗa da kujerun wucin gadi ya zama wajen tan 200,000. Ƙungiyar ta ce adadin da ya dace ya kai tan miliyan 1.6, ninki takwas. Abin da ya tona asirin lissafin shi ne filin 974, wanda aka haɗa da kwantenoni don a kwance shi bayan gasa. Shi da yake ba a raba hayaƙinsa a kan shekara 60 ba, an rubuta masa tan 438,000. Fili ɗaya na wucin gadi ya ninka shida na dindindin, har da na Lusail mai cin mutum sama da 80,000. Tambayar da rabon ya tsallake ita ce: da ba don gasar ba, ƙasa mai mutane ƙasa da miliyan 3 a lokacin za ta gina waɗannan filaye? Filin 974 ɗin ma bai tafi ko'ina ba, an buga wasa a cikinsa a Janairun 2025.

A watan Yunin 2023 hukumar da ke kula da gaskiyar tallace-tallace a Suwizalan, inda hedikwatar FIFA take, ta amince da koke-koken da aka kai mata daga ƙasashe biyar, ta ce FIFA ba ta kawo hujjar da'awarta ba, ta shawarce ta da ta daina yin irinta. Hukuncin ba ya ɗauke da tara, kuma ya zo wata shida bayan an ɗaga kofi, masu ɗaukar nauyi sun riga sun ci moriyar da'awar.

Diyyar hayaƙi kanta tana buƙatar bayani, domin har ƙasashenmu take shafa. Mai gasa yana sayen takardu, kowace ɗaya tana wakiltar tan ɗaya da aka hana fita a wani wuri. Sharaɗin ingancinta shi ne a ce ba don kuɗin takardar ba, da aikin bai yiwu ba. Gonar lantarki mai amfani da hasken rana ko iska wadda dama za ta ci riba da kanta ba ta cika wannan sharaɗi ba, kuma irin waɗannan ayyuka ne aka fi sukar Katar a kansu. Paris ta zuba nata kuɗin a ayyuka da suka haɗa da rabon murhu mai rage cin itace a wasu ƙasashen Afirka, har da Najeriya. Aikin na da amfani ga huhun matar da ke girki, amma lissafinsa na da rami: ana ɗauka cewa gidan ya bar tsohon murhu. Duk wanda ya san girkin gidan yawa ya san babbar tukunyar tuwo ba ta zama a kan ƙaramin murhu, za a ci gaba da hura duwatsu uku a gefe. In ba a je an auna itacen da gidan ke ƙonawa kafin rabon da bayansa ba, tan ɗin da aka sayar na takarda ne.

Akwai kuma abin da babu lissafin gasar da ke sa shi ciki, wato sana'ar mai ɗaukar nauyin kansa. A Afrilun 2024 FIFA ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin mai na Saudiyya, Aramco, har zuwa 2027, ta haɗa da gasar cin kofin duniya ta maza ta 2026 da ta mata ta 2027. Ganga ɗaya ta ɗanyen mai in an ƙone ta tana sakin kusan kilo 430 na kabon. Saudiyya na haƙo wajen ganga miliyan 9 a rana a 2024. In aka ninka, ya kusa tan miliyan 3.9, wato man rana ɗaya ya haura abin da aka bayyana na gasar Katar gaba ɗayanta. A watan Oktoba na shekarar 'yan wasan ƙwallon mata sama da 100 suka rubuta wa FIFA wasiƙa suna neman a soke yarjejeniyar. Ƙin karɓar irin wannan kuɗi ba abu ne da ba a taɓa yi ba: a 2019 kamfanin Total ya janye daga neman ɗaukar nauyin gasar Paris bayan magajiyar garin ta lokacin, Anne Hidalgo, ta nuna ba ta so. Wannan kamfanin dai, da sabon sunansa TotalEnergies, shi ne sunansa ke manne da gasar cin kofin Afirka, bisa yarjejeniyar da ya fara ƙullawa da hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, a 2016, har da wasan ƙarshe da Najeriya ta buga da Kodebuwa a Abijan a Fabrairun 2024.

Gyaran da ke aiki a cikin yarjejeniya ake rubuta shi, tun kafin a sa hannu. A ƙayyade wa mai lemo tan nawa na roba aka yarda ya shigo da shi, da filayen da dole a ja musu ruwa da wuta, da kason kofunan da dole su dawo wurin wanki. A ɗora wa gasa cikakken hayaƙin duk ginin da ba don ita ba da ba a yi shi ba. A sa mai binciken da ba ya cin albashin masu gasa ya auna bayan an tashi, a wallafa sakamakon, a kuma hana kamfani buga da'awar muhalli a talla kafin wannan adadi ya fito. Sai kuma jadawalin wasanni, wanda shi ne ke yanke yawan jirage. An tsara gasar 2026 da ƙasashe 48 da wasanni 104 a birane 16 na Amurka, Kanada da Meziko, daga Vancouver har Miami, tazarar da ta haura kilomita 4,000.