Motocin haya na waya sun sauya a Kano

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, manyan motoci irin su Sienna suka fara ja baya a harkar kiran mota ta waya. Babban injinta na V6 ba ya wasa da mai, musamman a cunkoson Kantin Kwari da AC a kunne. Yanzu Corolla ce ke cin kasuwa, mai injin 1.8, don kayan gyaranta na nan birjik a Ƙofar Ruwa.

Masu mayar da mota mai amfani da iskar gas ta CNG kuwa, a duba bayan motar tukuna. Tukunyar gas tana cinye but, fasinjan filin jirgi ya rasa inda zai sa akwati. Nauyinta kuma yana kwantar da sifirin, sai shokozoba ta mutu da wuri.