Diyyar wanda jijiyoyinsa suka shanye bayan allurar mura a Amurka

Da zarar watan Satumba ya kama a Amurka, kusan duk kantin maganin da mutum ya shiga zai tarar da allo ana kiran jama'a su zo a yi musu allurar rigakafin mura. Murar da ake nufi ba 'yar majinar nan ta kwana uku ba ce, mura ce mai zuwa da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, wadda kan kwantar da dubban ɗaruruwan mutane a asibiti a lokacin sanyi, ta kuma yi ajalin dubbai, musamman tsofaffi. 'Yan'uwanmu da ke aiki a asibitoci da gidajen kula da tsofaffi ma ba su da zaɓi sosai, domin wuraren aiki da dama sun mayar da ita sharaɗi. Ana yin allurai sama da miliyan 100 a kowace shekara, kuma kusan kowa abin da yake ji bai wuce tsamin hannu ba. Amma akwai 'yan tsiraru da jijiyoyinsu ke samun matsala a makonnin da ke biye, kuma hukuma da kanta ta amince da haka har ta ware asusun biyansu diyya. Na yi jinkirin rubuta wannan, saboda duk wanda ya tuna yadda aka dakatar da allurar shan inna a Kano a 2003, da yadda cutar ta bazu zuwa wasu ƙasashe daga baya, ya san cewa maganar illar rigakafi ba ta son sakin baki. Sai dai a ganina ɓoye gaskiyar da ke rubuce a dokar ƙasa shi ne ke ƙara wa masu jita-jita ƙarfi.

Cutar da aka fi dangantawa da allurar mura ita ce Guillain-Barré, wadda ta samo sunanta daga likitocin Faransa da suka yi bayaninta a 1916, bayan sun duba wasu sojoji biyu a lokacin Yaƙin Duniya na Farko. Abin da ke faruwa shi ne garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙi da ƙwayoyin cuta, sai ta ɓata hanya ta afka wa jijiyoyin da ke ɗaukar saƙo tsakanin laka da gaɓoɓi. Sau da yawa rufin jijiyar take cinyewa, kamar a ce an fere robar da ke lulluɓe da wayar lantarki, sai saƙo ya daina isa inda aka aike shi. Yawanci daga ƙafafu take farawa, duka biyun a tare, sannan ta riƙa hawa sama cikin kwanaki zuwa makonni, idan ta yi tsanani har ta kai ga naman da ke jan numfashi, a sa wa mutum na'ura.

Na ga wannan da idona a kan wani magidanci, direban tasi, da muke sallah a masallaci ɗaya. Kamar mako biyu bayan an yi masa allurar, sai ya lura silifas na zamewa daga ƙafarsa ba tare da ya ji ba, ya ɗauka gajiyar tuƙi ce. Ba a jima ba ya kasa ɗagowa daga sujada sai da na kusa da shi ya kama shi, daga nan kuma maɓallin riga ya gagare shi. A asibiti likita ya doki gwiwarsa da 'yar gudumar roba, ƙafar ko motsi ba ta yi ba. Aka ɗebi ruwan lakarsa ta baya, aka kuma auna saurin tafiyar saƙo a jijiyoyinsa da lantarki, sannan aka ɗaura masa ƙarin ruwa mai ɗauke da sinadaran garkuwa da ake tacewa daga jinin masu bayarwa. Wannan da kuma tace jinin majiyyaci da na'ura su ne magunguna biyu da aka tabbatar suna rage tsawon cutar. Yawancin masu ita sukan koma tafiya da ƙafarsu cikin watanni, bayan doguwar wahalar gashin ƙashi, wasu kan zauna da rauni har abada, kaɗan kuma sukan rasu.

Dangantakar cutar da allurar mura ta fito fili ne a 1976. A watan Fabrairun shekarar wani ƙaramin soja ya mutu a barikin Fort Dix da ke jihar New Jersey sakamakon wata murar aladu, masana suka ji tsoron kada a maimaita annobar 1918, Shugaba Gerald Ford kuma ya ba da umarnin yi wa kowa rigakafi. An fara a watan Oktoba, an yi wa mutum sama da miliyan 40, sai aka ga masu shanyewar jiki suna ƙaruwa fiye da yadda aka saba, aka dakatar da shirin a watan Disamba. Binciken da ya biyo baya ya nuna ƙarin kusan mutum ɗaya a cikin kowane 100,000 da aka yi wa allurar. Abin da ya ƙara wa al'amarin ɗaci shi ne annobar da ake gudu ba ta zo ba.

Tun daga lokacin ake sa ido a kan allurar kowace shekara, kuma adadin da ake samu ya yi ƙasa da wancan nesa ba kusa ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce idan ma akwai ƙarin haɗari, bai wuce mutum ɗaya zuwa biyu a cikin allurai miliyan ɗaya ba. A ƙasar baki ɗaya mutum 3,000 zuwa 6,000 ne ke kamuwa da Guillain-Barré a shekara, ko an yi musu allura ko ba a yi ba, kuma kusan kashi biyu cikin uku sun yi gudawa ko ciwon maƙogwaro da tari kafin ta kama su. Ƙwayar cutar da aka fi kamawa da laifi ita ce Campylobacter, wadda ake yawan samu a naman kazar da bai dahu sosai ba. Ita kanta murar, idan ta kama mutum, ta fi allurarta jawo wannan shanyewar. Kuma babu wani gwajin jini da zai nuna cewa shanyewar wane daga allura ta zo, ta wancan kuma daga gudawa.

To, idan likita ba zai iya rantsuwa a kan musabbabi ba, yaya za a yi da wanda ya rasa aikinsa da lafiyarsa? Amsar da Amurka ta bayar ta samo asali ne daga rikicin shekarun 1980, lokacin da ƙararrakin iyaye a kan allurar tarin shiƙa suka sa kamfanoni janyewa daga sarrafa ta har aka fara fargabar ƙarancinta. A 1986 majalisa ta zartar da dokar da Shugaba Ronald Reagan ya sa wa hannu, a 1988 kuma shirin biyan diyya da ake kira VICP ya fara aiki. Ba kamfani ko ma'aikaciyar jinya ake kai wa ƙara ba, Sakataren Lafiya na ƙasa ne wanda ake ƙara, a wata kotun tarayya da ke Washington, gaban wasu alƙalai na musamman, ba tare da masu taya alƙali yanke hukunci ba. Mai ƙara ba ya buƙatar nuna cewa wani ya yi sakaci. Kuɗin kuwa daga harajin santi 75 ne da ake ɗora wa kowace allura a kan kowace cutar da take karewa. Duk da cewa da sunan yara aka yi dokar, manya ma suna ciki, kuma tun da aka shigar da allurar mura a 2005, ƙararrakin manya a kanta suka zama su ne mafi yawa.

Lokacin da na kai wa direban tasin nan wannan bayani yana zaune a keken guragu, sai ya girgiza kai ya ce, "Malam, ƙaddara ce, Allah ne ya jarrabe ni. Yarinyar da ta yi mini allura ba ta yi mini laifin komai ba, don me zan ja mata a kore ta daga aiki?" Na ce masa, "Alhaji, babu mai kiran ta kotu, kuma ko sisi ba zai fita daga aljihunta ba. An tara kuɗin ne tun kafin ka kwanta, saboda an san a cikin miliyoyi dole wani zai faɗa inda ka faɗa." Irin wannan kunyar karɓar diyya na san ta a cikinmu, kuma tana da kyau a inda ake tsoron zaluntar wani. A nan kuwa ban ga wanda za a zalunta ba, sai dai iyalin da kuɗin haya ke jiransu ƙarshen wata.

Abin da ke sauƙaƙa shari'ar shi ne wani jadawali da doka ta tanada, wanda ya jera allurai da illolin da aka amince da su da kuma tsawon lokacin da za su bayyana. A watan Maris na 2017 aka sa Guillain-Barré a cikinsa a ƙarƙashin allurar mura, da sharaɗin alamun farko su bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 42 bayan allurar. Wanda ya cika wannan, kotu za ta ɗauka allurar ce sila, sai fa idan lauyoyin gwamnati sun kawo hujjar cewa wani abu dabam ne ya jawo. Wanda alamunsa suka fara washegari, ko bayan wata biyu, ya fita daga wannan rangwamen. Haka ma wanda daga baya aka gano cewa tasa mai tafiya tana dawowa ce, wadda likitoci ke kira CIDP, da mai kumburin laka, da mai kumburin ƙwaƙwalwa da laka a haɗe. Waɗannan ba a rufe musu ƙofa ba, amma su ne za su kawo hujja, bisa ma'auni uku da kotun ɗaukaka ƙara ta gindaya a shari'ar Althen a 2005: bayanin likitanci na yadda allurar za ta iya jawo cutar, hujjar cewa haka ɗin ce ta faru da wannan majiyyacin, da kuma tazarar lokaci mai ma'ana. A nan ne ake ɗauko ƙwararrun likitocin jijiya, na mai ƙara da na gwamnati, su yi ta musayar rahoto, shari'a ta ɗauki shekaru.

Wa'adi ne ya fi kayar da mutane. Shekara uku doka ta bayar, kuma daga ranar da alamar farko ta bayyana ake ƙirgawa, ba daga ranar da likita ya gano sunan cutar ba. Idan rasuwa ce, magada suna da shekara biyu daga ranar rasuwar, muddin ba a wuce shekara huɗu daga farkon ciwon ba. Dole kuma illar ta wuce wata shida, ko ta kai ga kwanciya asibiti da tiyata, ko ta kai ga mutuwa. Wasu kan ɗauka cewa rahoton da likita ya aika wa rumbun tattara illolin rigakafi, VAERS, shi ne ƙarar, alhali wannan aikin sa ido ne kawai, ba ya tsayar da wa'adi. Sai maganar takardu, wadda mu ba mu cika ba ta muhimmanci ba. Shaidar ranar allurar mutumin nan wata 'yar takardar kantin magani ce da matarsa ta tsinto a aljihun mota cikin rasiɗan mai, kuma abin da ya faɗa wa likitan farko game da ranar da ƙafarsa ta fara sagewa shi ne kotu ta fi dogara da shi, fiye da duk abin da zai tuna daga baya. Wanda Turancinsa bai nuna ba, gara ya nemi tafinta tun a ɗakin gaggawa, domin "makon jiya" da "watan jiya" na iya zama bambancin samu da rashi. Kuɗin shigar da ƙara kusan dala 400 ne, ana kuma iya yafe wa marar hali. Lauya ba ya yankar kaso daga diyyar, asusun ne ke biyansa dabam, ko da an faɗi shari'ar, matuƙar an shigar da ita da kyakkyawar niyya da dalili mai kama hankali. Kuma ba sai ɗan ƙasa ba, muddin a cikin Amurka aka yi allurar.

Ba zan ce tsarin ba shi da aibu ba. Ana biyan kuɗin magani na baya da na gaba da albashin da aka rasa ba tare da iyaka ba, amma diyyar raɗaɗi da wahala ba ta wuce dala 250,000, haka ma ta rai, kuma adadin nan yana nan yadda aka rubuta shi a shekarun 1980, kamar tsadar rayuwa ba ta motsa ba. Alƙalan takwas ne kacal a doka, ƙararraki kuwa sun ninka. Allurar annoba, irin ta murar aladu ta 2009 da ta korona, wani shiri dabam ake tura ta, mai wa'adin shekara ɗaya, wanda ba ya biyan lauya, ba ya kuma biyan diyyar raɗaɗi. A ɗaya ɓangaren, masu yawo da maganar cewa asusun ya biya sama da dala biliyan 5 a matsayin hujjar cewa rigakafi guba ne, ba sa faɗin cewa a cikin shekaru fiye da talatin aka biya su, a kan biliyoyin allurai, kuma kusan kashi 60 cikin 100 ta hanyar sulhu ne, ba tare da gwamnati ta amince cewa allurar ce sila ba.

Wanda aka yi wa allurar a wata ƙasa, alal misali maniyyacin da ya karɓa a gida saboda shawarar da hukumomin Saudiyya kan bai wa alhazai, galibi ba ya cikin wannan asusun. Birtaniya na da nata tsarin tun 1979, inda ake biyan fam 120,000 sau ɗaya ga wanda naƙasarsa ta kai kashi 60 cikin 100, da wasu sharuɗɗa a kan shekaru da irin allurar. Shi kuwa wanda Guillain-Barré ta taɓa kama shi cikin mako shida bayan allurar mura, shawarar CDC ita ce kada ya sake karɓa kai tsaye, sai ya zauna da likitansa sun auna haɗarin murar a jikinsa da haɗarin dawowar shanyewar, musamman idan yana da ciwon zuciya, ko na huhu, ko ciwon sukari.