Godiya Bayan Zaman Addu'a Ga Waziri Junaidu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin 'yan'uwan da muka haɗa hannu muka shirya zaman addu'a da tunawa da marigayi Wazirin Sakkwato Junaidu ɗan Waziri Buhari, ina miƙa godiya ga duk wanda ya halarta ranar Asabar da ta wuce, da wanda ya aiko da uzurinsa, da wanda ya yi mana addu'a daga inda yake. Don mutanen unguwa muka shimfiɗa tabarmi, sai ga baƙi daga Wurno da Gwadabawa da Bodinga, har da 'yan'uwa da suka tsallako daga Birnin Konni. Maƙwabta ne suka rufa mana asiri, suka fito da nasu tabarmi da kujeru. Allah ya bar zumunci.

Godiya ta farko ga malamanmu, Allah ya gafarta musu, da alarammomin da suka yi saukar Alƙur'ani tun da hantsi. Sai iyayenmu dattawa da suka zauna da matasa suna warware musu ko wane ne Waziri. Da yawa daga cikin yaran nan sunansa kawai suka sani, a jikin allon hukumar adana tarihi da al'adu ta jiha wadda aka sa wa sunansa. Ranar suka ji cewa an haife shi a 1906, shekara uku bayan Turawa sun ci Sakkwato, cewa ya karɓi wazirci a 1948 a zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, kuma ya riƙe shi har Allah ya karɓi ransa a watan Janairun 1997.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin bayanan dattawan shi ne maganar takardu. Gidan Waziri a Gidadawa gidan rubutu ne tun daga kakansu Gidado ɗan Laima, wazirin Muhammadu Bello, da matarsa Nana Asma'u 'yar Shehu. Wasiƙun da aka yi ta aikawa tsakanin Sakkwato da sarakunan tuta, da littattafai, da waƙoƙi cikin Larabci da Fulatanci da Hausa, nan suka taru. Masu gādo irin wannan suna da yawa, kuma akasarinsu kulle shi suke yi a adaka har gara da ɗanshi su gama da shi. Waziri Junaidu ya tsare nasa, ya karanta, ya yi rubutu a kai, sannan ya buɗe zaurensa ga mai neman sani. Murray Last, Baturen da ya wallafa littafinsa kan Daular Usmaniyya a 1967, a ɗakin littattafan Waziri ya zauna ya yi karatu. Jean Boyd ma, Baturiya mai binciken tarihi, a hannunsa ta samu rubuce-rubucen Nana Asma'u. A ganina wannan buɗe ƙofa ita ce babbar hidimarsa ga garin nan, ta fi digirin girmamawar da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi nauyi nesa ba kusa ba.

Shi ya sa nake yi wa gidajen da suka amsa roƙonmu godiya ta musamman. Mun ce duk mai tsohuwar takarda ya zo da ita a gani, kuma mun san ba ƙaramin abu muka roƙa ba, domin mutum ba ya son fito da gādon kakansa gaban jama'a. Amma suka zo da su, wasu cikin gafaka, wasu a naɗe cikin zane. Akwai wata gyatuma da ta riƙe nata kam, ta ce a ɗauki hoto a gabanta, ita za ta riƙa buɗe shafi. Haka aka yi, kuma gaskiyarta. Ɗalibai 'yan jami'a da suka durƙusa har la'asar suna ɗaukar hoton kowane shafi da wayoyinsu, suna rubuta sunan gidan da takardar ta fito, Allah ya yi muku albarka, ya ba ku ilimi mai amfani. Malamin da ya riƙa karanta mana ajami inda tawada ta dusashe, Allah ya ƙara hasken ido.

Iyayenmu mata da suka rera waƙoƙin Nana Asma'u daga cikin gida, kamar yadda suka koya a wurin nasu iyayen, mun ji ku, kuma da yawa a zaure sun share hawaye. Ku ne kuma kuka ciyar da baƙi da fura da masa. 'Yan agaji sun kula da hanya da takalman mutane. Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri.

Waɗanda suka bar takardunsu a hannunmu saboda ba a kammala ɗaukar hotonsu ba, suna nan a adane, kuma mu za mu kai wa kowa nasa har gida cikin makon nan in Allah ya yarda. Wanda bai samu zuwa ba, alhali yana da wasu a gida, ya sanar da limamin unguwa, ɗaliban za su je su same shi, ba sai takarda ta bar ɗakinta ba.

Allah ya jiƙan Waziri Junaidu, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da magabatansa a Aljannar Firdausi. Amin.