Godiya bayan rufe ajin rawar mata na Tudun Wada

Assalamu alaikum. Jiya Lahadi muka rufe ajin rawar motsa jiki na kyauta da muka shafe makonni shida muna yi da mata a nan Tudun Wada, Kaduna. Bashin godiya ya taru a kaina, bari in fara biya tun ban manta da wani ba.

Hajiya mai makarantar bokon da ta ba mu harabarta duk Asabar da Lahadi, daga bakwai zuwa takwas na safe, ko sisi ba ki karɓa ba. Kin hana a faɗi sunanki, na bi umarni, Allah Ya saka da alheri. Baba mai gadi, sannu da tsare ƙofa. Ba namijin da ya leƙo, ba wayar da ta ɗauki hoton kowa, kuma wannan sharaɗin ne ya sa magidanta da yawa suka bar matansu suka zo. Su ma magidantan mun gode musu, har da wanda ya ƙi sati biyu sannan ya kawo matarsa da kansa a kan babur.

'Yar'uwarmu nas ta riƙa zuwa da na'urar awon hawan jini, tana duba kowa kafin a fara. Ita ce ta gaya mana Hukumar Lafiya ta Duniya na son baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, yaro kuma awa ɗaya kullum. Namu ajin 120 yake bayarwa. Ta ce sauran talatin ɗin kowa ta nemo su a hanyar kasuwa, ta bar Keke ya wuce. Mun yi dariya, amma na ga masu yi.

Babbar godiyata ta tsofaffinmu ce. Da na fara yawon gayyata, wata Inna ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke 'yar nan, da girmana da jikokina zan je in yi rawa?" Ta dai zo, wai rakiyar jikarta, ta zauna a benci tana kallo. A sati na uku aka ɗauke wuta tun dare, sifika ba caji, malamarmu ta tsaya da waya a hannu ta rasa abin yi. Sai Inna ta ce a kawo baho da ruwa da ƙwarya. Ta kife ƙwaryar a kan ruwan, ta ɗauki ludayi, ta fara kiɗa. Kafin ka ce kwabo, matan da ke kukan gwiwa sun yi da'ira suna tafi, ana ba da waƙa ana amshi, gaɗar dandali sak. Faɗawa baya a cafe mutum kaɗai muka hana, don ba mu shirya zuwa wurin mai ɗori ba. 'Yan matan da rawar TikTok kawai suka sani suka saki baki suna kallon kakanninsu. Tun daga ranar muka raba lokacin biyu, rabi na malama, rabi na Inna, kuma ni dai a ganina rabin Inna ya fi fitar da gumi. Inna, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Malamarmu, ke ma sannu da haƙuri da mu masu ƙafar hagu biyu, ba ki taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Masu kawo ruwan leda da masu yayyafa wa fili ruwa saboda ƙurar hunturu, mun gode. Waɗanda na yi wa faɗan makara, ku yafe ni.

In Allah Ya kai mu bayan Sallah za mu dawo, kyauta kamar yadda aka saba. Akwai mayafi ruwan toka da fulas ɗin shayi da aka manta, suna wurin Baba mai gadi. Ƙwaryar kuma Inna ta ce a ajiye mata, kada wanda ya dama fura a ciki.